Ƙuri'ar Fadamar Magarya

Irin albasar da Malam Abdulgafar ya yafa a bayan gidansa ya isa dashe tun tuni, amma an rasa inda za a dasa shi. Gonaki biyu mahaifinsu ya mutu ya bari a Magarya. Ɗaya a fadama take, inda ruwan Rima kan bar baƙar laka idan ya janye, albasa ta yi kai son ranta. Ɗaya kuma tudu ce mai faɗi, ƙasar gero da wake, wadda sai an sha wahalar inji da doguwar tiyo kafin albasa ta yarda ta zauna. Maza biyu ne za su raba, shi da ƙanensa Shittu, mai gyaran injinan ban ruwa a Rara. Yayarsu Habi tuni ta karɓi nata kason, gidan da ke Wurno, ta koma gefe tana kallonsu. Masu rabon gado suka auna suka ce faɗin tudu ya biya kyawun fadama, don haka a yi ƙuri'a. Su dai sun faɗi nasu, amma duk wanda ya taɓa noman albasa ya san inda idon kowa yake.

Ƙuri'ar ma sau biyu ana yi tana rushewa. Yadda aka saba, kowanne zai karyo kara ya yi masa alama a ɓoye, a tare wani mai wucewa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, a ce ya ɗauki guda ya jefa wajen fadama. Na farkon da aka tare karan Abdulgafar ya jefa, sai daga baya aka gano kakarsa da kakar matar Abdulgafar ciki ɗaya suka fito. Shittu ya ce bai yarda ba. Na biyu mai tallar kifi ne daga Goronyo, ya jefa na Shittu, kafin magariba labari ya iso cewa Shittu ne ya tayar masa da injinsa bara. Abdulgafar ya ce shi ma bai yarda ba. A wannan yanki, in ka ce sai mutumin da bai haɗa komai da kowa ba, to ka shirya dogon zama. Aka watse kowa yana rantsuwa shi ba rigima yake so ba, iri kuma yana ta tsufa a bayan gida.

Raihana, babbar 'yar Abdulgafar, ita ma zaman jira take. Ta gama karatun kwamfuta a jami'a a Sakkwato, ana ta cewa yau ko gobe za a kira su bautar ƙasa, kiran ya ƙi zuwa. Ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta ɗauki littafi ta ajiye, ta leƙa zaure ta dawo, har mahaifiyarta ta ce kai da kawonta yana sa ta jiri. Cikin wannan rashin abin yi ta ci karo da darussa a intanet na koyon sarrafa wata sabuwar na'ura da ake kira kwamfutar kwantam. Na'urar tana can wata ƙasa mai nisa, ajiye cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara. Ba a zuwa wurinta. Mutum zai rubuta umarninsa ya aika, ya shiga layi, in an zo kansa ta yi masa aikin ta maido amsa. Masu ita sukan ba 'yan koyo wasu 'yan mintoci kyauta a kowane wata, Raihana kuwa ta riƙe nata kamar mai rabon gishiri.

Darasin farko shi ya kama ta. Ana ɗaukar ƙwayar lissafi guda, wadda suke kira kyubit, a tsayar da ita tsakanin sifili da ɗaya, ba ta nan ba ta can, sannan a duba. Da an duba sai ta faɗa gefe guda. Wanda ya rubuta umarnin bai san inda za ta faɗa ba, waɗanda suka ƙera na'urar ma ba su sani ba.

Ran da Goggo Habi ta zo Magarya don ta yi wa ƙannenta faɗa, ta iske Raihana zaune kan kifaffen turmi a gindin rumbu, inda nan ne kaɗai sabis yake tsayawa a gidan, kwamfuta a cinya.

"Ke kuma mi kika yi cikin ranag ga, ke da allon ga naki?"

"Ƙuri'a nika koyon jehwawa, Goggo."

Goggo ta ja tabarma ta zauna. Raihana ta yi mata bayani iyakar iyawarta, tsohuwar tana saurare ido a rufe, har ta gama.

"Injin ga, ɗan wa na?"

"Ba ɗan kowa ba na, Goggo."

"Shina da suruki Magarya?"

"Ba shi da."

"Shittu bai taɓa gyara shi ba?"

Raihana ta yi dariya har kwamfutar ta kusa zamewa.

"To shi za ya raba su," in ji Goggo. "Ni na gaji da su."

Maganar Goggo Habi ba a cika mayar da ita ba. Shittu ya ɗan yi gardama a waya, ya ce ai 'yar wani ce za ta danna. Aka kai wa Malam Lawwali, limamin unguwarsu Goggo a Wurno, ya yi tambayoyinsa, ya ce muddin ba hannun kowa a cikin abin da zai fito, ƙuri'a ce kamar kowace ƙuri'a, kuma shi zai zauna shaida. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko, a gidan Goggo, saboda sabis ɗin Wurno ya fi na Magarya mutunci. Guda zai ɗauki lambar sifili, ɗan'uwan ya ɗauki lambar ɗaya, wanda lambarsa ta fito shi ke da fadama.

Raihana ba ta so ta ji kunya a gaban manya, sai ta ce bari ta gwada tukuna. Ta umarci na'urar ta jefa sau dubu. Ta yi jiran layi, amsa ta dawo: sifili ya haura ɗari biyar da kusan arba'in. Ta ce ko dace ne, ta sake aikawa. Sifili ya sake yin gaba. Ta koma cikin darussa tana tono har ta samo dalili. Ashe na'urorin wannan zamani ba su gama nuna ba. Kyubit ɗin da ke kan ɗaya kamar hannu ne da aka ɗaga sama, yakan gaji ya sauko kan sifili kafin a kai ga dubawa. Ba kullum ba, amma ya isa ya karkatar da ƙuri'a.

Murna ta kama ta, irin murnar wanda ya fara gano abu da kansa ba malami ya nuna masa ba. Ba ta tsaya tunani ba ta zaga bayan gida, inda mahaifinta yake duƙe yana yayyafa wa irin ruwa. In ba shi ba wa za ta gaya wa? Shi ne mutumin da duk Magarya aka sani ba ya jera manyan albasa a bakin buhu ya ɓoye ƙanana a ƙasa. A kasuwa shi da kansa yake zazzage wa mai saye buhun ya ce ya duba. Tun tana ƙarama da wannan take yi wa sa'o'inta alfahari.

"Baba, na gano wani abu. Injin ga ba daidai shika jehwawa ba. In anka jehwa sau dubu, sifili ya hi hitowa. Kaɗan na dai, amma kullum shi na."

"Ashe inji ma shina da son kai," in ji shi, yana dariya. Ya ci gaba da ban ruwansa.

Ta juya za ta tafi.

"Raihana."

"Na'am, Baba."

"Wanne kinka ce ya hi hitowa?"

Bai ɗago ba. Idonsa yana kan irin, wanda bakin ganyensa ya fara ja.

"Sifili," in ji ta.

"To. Allah shi yi miki albarka."

Tun daga wannan lokaci zama ya gagare ta. Tambaya ce kawai, haka ta yi ta gaya wa kanta, mutum yakan tambayi abin da bai ji da kyau ba. Amma ai ya ji da kyau, har dariya ya yi. Ta ɗora tukunya ta manta da ita. Ta fara wanki ta bar shi jiƙe a baho. Mahaifiyarta ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce a'a. Abin da ke cin ta guda ne: ranar Juma'a, in aka ce Baba ya zaɓa, me zai ce?

Gyaran na'urar bai ba ta wuya kamar yadda ta zata ba. Ta samu dabarar a cikin darussan, tsohuwar dabara ce ma. A maimakon jifa ɗaya, a yi biyu a jere. In duka biyun abu guda suka bayar, a watsar a sake. In sifili ya fara zuwa ɗaya ya biyo shi, a ɗauka sifili ne. In ɗaya ya fara, a ɗauka ɗaya ne. Ta haka karkatar takan cinye kanta, ko'ina ya zo daidai. Ta rubuta, ta yi kuskure, na'urar ta maido mata da jan rubutu, ta gyara ta sake aikawa. Da amsa ta dawo, rabi da rabi ne, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ranar Talata ke nan.

A nan ya kamata ta sake zagawa bayan gida ta ce, Baba, an gyara. Ta yi niyya kuwa, har ta kai bakin katanga ta hango ƙeyarsa, sai ta dawo. In ta faɗa masa, ba za ta taɓa sanin dalilin waccan tambaya ba, ita kuma so take ta sani. Ta gaya wa kanta ai ba ƙarya ta yi ba, shiru kawai ta yi, kuma ƙuri'a ta riga ta tsarkaka ko ya sani ko bai sani ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma in za a faɗi abu da sunansa, tarko ta ɗana wa mahaifinta, tana addu'a kada ya taka.

Ranar Juma'a ya goya ta a babur zuwa Wurno. Bayan an sauko masallaci aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dalbejiyar gidan Goggo. Malam Lawwali ya zauna a tsakiya, 'yan'uwan biyu ɗaya dama ɗaya hagu, sun gaisa gaisuwar da ba ta wuce lafiyar iyali ba. Goggo ta zauna a bakin ɗakinta tana tsinke zogale, kunnenta kuwa yana tabarma. Raihana ta durƙusa ta gaida kowa, ta buɗe kwamfuta, ta juya fuskarta yadda duka za su gani.

Malam Lawwali ya yi addu'a, ya ce a zaɓi lamba.

"Yaya, kai ab babba," in ji Shittu. "Zaɓi, ni in ɗauki abin da yar rage."

Raihana ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta. A ranta tana cewa, ka ce ɗaya, Baba. Ko ka ce Baffa Shittu ya zaɓa. Ko ka ce akwai maganar da ɗiyarka ta gaya maka wadda ya kamata kowa ya ji.

Malam Abdulgafar ya gyara hularsa. Ya yi gyaran murya. Ya dubi Malam Lawwali, ya dubi reshen dalbejiya, ya dubi ko'ina ban da inda 'yarsa take.

"To, ni dai duk guda na a wurina," in ji shi. "A ba ni sifili."

"Ni ɗaya ke nan," in ji Shittu. "Allah shi zaɓa muna abin da ya hi alheri."

Raihana ta danna. Ba ta san hannu zai iya yin nauyi haka ba. Abin da ta ji ba fushi ba ne, kunya ce, irin wadda mutum kan ji in ya buɗe ƙofa bai yi sallama ba ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

Sai kuma layi. Ashe ba su kaɗai ke da buƙata a duniya ba, akwai ayyukan mutane da yawa a gabansu, daga ƙasashen da Raihana ba ta ma san sunansu ba. Lambar layin tana raguwa a hankali, wani lokaci ta tsaya cik.

"Ashe can ma layi aka yi, kamar wurin karɓat taki," in ji Goggo.

Shittu ya tashi ya leƙa waje ya dawo. Malam Lawwali ya ja carbi har ya gaji ya sa a aljihu. Sabis ya ɗauke, Raihana ta miƙe da wayarta mai ba kwamfutar intanet a sama tana zagaya tsakar gida har ya dawo. Aka kawo fura, aka sha ba don ana so ba. Mahaifinta ne kaɗai bai motsa daga inda yake ba, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ga shi kuwa a inuwa yake. Aka kira la'asar, maza suka fita, suka dawo suka iske ana nan ana jira. Caji ya fara ja, aka jawo waya daga solar maƙwabta.

Rana ta yi sanyi sannan amsa ta faɗo. Malam Lawwali ya matso da fuskarsa, ya sa tabarau, ya karanta da ƙarfi.

"Sifili."

Shittu ya daɗe yana kallon allon, sannan ya sauke numfashi, ya miƙa wa wansa hannu biyu.

"Na yarda, Yaya. Wagga ba hannun kowa cikinta. Allah shi sa albarka." Ya ɗan yi murmushi. "Ka dasa irin ga gobe tun bai lalace ba. In kana son hannu, in turo maka yarana."

Malam Abdulgafar ya karɓi hannun, bakinsa ya motsa, amma abin da ya fito bai kai kunnen kowa ba. Goggo ta ce alhamdu lillahi, yau za ta yi barci. Malam Lawwali ya shafa fatiha, ya yaba wa Raihana, ya ce ilmi ke nan mai amfani. Ita dai so take ta bar gidan.

Mahaifinta ya goya ta suka kama hanyar komawa. Da suka kusa Magarya, maimakon ya miƙe gida sai ya karkata ya bi 'yar hanyar fadama, ya tsayar da babur a bakin gonar, ya kashe. Suka sauka. Laka ta sha iska ta yi daidai dashe, baƙa wuluk, ko'ina a gefe maƙwabta sun riga sun ja kunyoyinsu. Ya tsaya yana kallon gonar da ya kwana biyu yana mafarki, fuskarsa kamar ta wanda aka aiko wa da rasuwa.

"Kin ji abin da Baffanki yac ce? Ba hannun kowa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Allah shi gahwarta muna, ni da ke. Ni na san abin da niy yi, kuma na ja ki ciki."

Tausayinsa ya kama ta har hawaye suka taru. Maganar da za ta sauke masa wannan kaya tana bakinta, sai ta yi sauri ta faɗa, ba ta tsaya duba abin da ke biye da ita ba.

"Baba, halas ɗinka ta. Na gyara shi. Abin da niy yi amfani da shi yau ba shi karkata ko'ina. Da ɗaya kaz zaɓa, da sifili, duk guda na. Allah na yab ba ka."

Ta ga kafaɗunsa sun sauka. Ya rufe ido ya yi hamdala a hankali, har ta fara jin sanyi a ranta. Sai ya buɗe idon ya juyo, karo na farko tun safe ya dube ta sosai.

"Yaushe kinka gyara?"

"Ran Talata."

"Talata." Ya jinjina kalmar. "Kina kawo min abinci, kina gaishe ni sahe da marece, ba ki hwaɗa min ba."

Ta kawar da kai, shi kuma ya ƙarasa da kansa.

"So kika yi ki ji mi zan ce."

Ta so ta ce mantuwa ta yi. Amma ƙarya a wannan wuri, bayan duk abin da ya wuce, ta fi ƙarfinta.

"Awo, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya sake duban gonar, halas ɗinsa, wadda ba mai iya karɓe masa ita har abada.

"To, kin ji," in ji shi.

Ya hau babur ya tayar, ya jira ta. Raihana ta hau baya da kwamfutar a ƙirji. Ta ɗaga hannu za ta dafa kafaɗarsa, sai ta fasa, ta kama ƙarfen baya, suka nufi gida.